Karen bigul: tambayoyi da amsoshi kan gajeren karen nan mai farauta da hanci

Mutane da yawa in suka ga hoton bigul, ɗan gajeren karen nan mai faffaɗan kunnuwa da suka zubo har gefen baki ga idanu masu ban tausayi, sai su ɗauka karen kwalliya ne na zaman falo. A'a wallahi, karen farauta ne, kuma duk wani hali nasa mai kyau da mai ban haushi daga hancinsa ya samo asali. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kansa, musamman daga masu sha'awar ajiye shi. In za ka bincika a intanet Beagle ake rubutawa.

Wai shi wane irin kare ne?

Yana cikin dangin karnukan da ke bin dabba ta hanyar shinshina sawunta a ƙasa, ba sai sun gan ta da ido ba. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 33 zuwa 40 ba, nauyinsa kuma galibi tsakanin kilo 9 da 14 in ba a bar shi ya yi ƙiba ba. Gashinsa gajere ne, launin da aka fi sani shi ne baƙi da ruwan ƙasa da fari a haɗe, amma akwai mai ja da fari, akwai mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da fari. Abin da kusan dukkansu suke da shi shi ne farin ƙarshen wutsiya, kuma wutsiyar a miƙe take sama in yana aiki, masu farauta suna son haka don ko ya shige cikin ciyawa kansa a ƙasa za ka hango farin yana kaɗawa ka san inda yake. A Amurka sun raba shi gida biyu, wanda bai wuce inci 13 ba da wanda ke tsakanin 13 da 15. In ya samu kulawa yana yin shekara 12 zuwa 15.

Daga wace ƙasa ya fito?

Ingila. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce mutanen can suna da ƙananan karnuka na farautar zomo, amma bigul ɗin da muka sani yanzu ana danganta tushensa da wani limamin coci mai suna Phillip Honeywood wanda ya haɗa garkensa a yankin Essex a shekarun 1830. Shi ƙwarewar farauta ya sa a gaba, waɗanda suka zo bayansa ne suka dinga gyara kama da siffa. A 1890 aka kafa ƙungiyar masu bigul ta Ingila wadda ta tsara yadda ya kamata karen ya kasance. Can Amurka kuma wani Janar Richard Rowett na jihar Illinois ya shigo da wasu daga Ingila a shekarun 1870, babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta amince da nau'in a 1885, ya zo ya samu karɓuwa sosai har ya zama na ɗaya a yawan rajista daga 1953 zuwa 1959. Tsohon shugaban ƙasarsu ma Lyndon Johnson yana da guda biyu a fadar gwamnati, a 1964 ya ɗaga ɗaya ta kunnuwa a gaban 'yan jarida mutane suka yi ta Allah wadai da shi.

Yaya ake farautar da shi a can?

Wannan ne ya kamata duk mai son karen ya fara fahimta. A da a Ingila ba kare ɗaya ake fita da shi ba, garke ne guda, ana iya fita da ashirin ko fiye, jagoran farautar yana riƙe da ɗan ƙaho yana busa musu. Su kuma mutane a ƙafa suke bi ba a doki ba, shi ya sa aka so karen ya zama gajere, don manyan karnukan farautar dila sai mai doki ke iya bin su, shi kuwa bigul ko ba ka da doki kana iya bin bayansa. Da zarar ɗaya ya kama ƙanshin zomo sai ya saki murya, sauran su rugo su haɗu su ɗora hanci a kan sawun suna tafe suna kuka gaba ɗaya, mafarautan kuma da jin muryar sun san ina aka dosa ko da ba sa ganin komai. Zomo ya fi su gudu nesa ba kusa ba, amma shi zomo yana da halin zagayowa ya dawo yankin da ya saba, su kuma ba sa gajiya, haka za su yi ta bin sa awa da awanni. A Amurka salon ya ɗan bambanta, maharbi kan fita da bigul biyu ko uku su tayar da zomo su koro shi ya zagayo, shi yana tsaye da bindiga yana jira.

Toh ka duba abin da aka yi shekaru ana zaɓa a jikinsa: hanci mai ƙarfi, naci, murya mai kai wa nesa, son zama cikin 'yan'uwa, da iya yanke shawara da kansa ba tare da ya waiwayo ya kalli ubangidansa ba. Duk ƙorafin da masu ajiye shi a gida ke yi yana cikin biyar ɗin nan.

Har yanzu ana farautar da shi a Ingila?

Ba kamar da ba. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2005 a Ingila da Wales, ta hana korar babban zomon fili da dila da garken karnuka, amma ta bar farautar ƙaramin zomon nan mai zama a rami. Garkunan da suka rage da yawa sun koma bin ƙanshin da mutum ya shimfiɗa musu a ƙasa. A Amurka kuwa farautar zomo da bigul tana nan daram, har gasa suke yi.

Hancin nasa da gaske ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. Ana ƙiyasta cewa yana da ƙwayoyin jin ƙanshi sama da miliyan 200 a cikin hancinsa, mu 'yan Adam kuwa wajen miliyan 5 zuwa 6 ne. A fagen bin sawu ana sa shi a sahun gaba tare da nau'ikan karnukan Bloodhound da Basset. Wasu masana biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, da suka daɗe suna nazarin halin karnuka tun shekarun 1950, sun taɓa sakin ɓera a fili mai faɗin eka ɗaya, bigul ya gano shi kafin minti ɗaya ya cika, wani nau'in ya ɗauki minti 15, wani ma bai gano shi ba sam. Ana kuma ganin dogayen kunnuwan nan suna taimakawa wurin kaɗo ƙanshi zuwa hanci in ya sunkuyar da kai. Ya fi ƙwarewa a ƙanshin da ke manne da ƙasa a kan wanda iska ke ɗaukowa.

Meye bambancinsa da karnukan farautar da muka saba gani?

Yawancin waɗanda mafarautanmu ke fita da su sirara ne masu dogayen ƙafafu, gudu da ido ne makaminsu, su hango dabba su rufa mata baya su cim mata. Ka ɗauki karen Azawak na Abzinawa da ke Nijar da Mali da Burkina Faso, wannan gwanin gudu ne a fili fetal. Bigul ba zai taɓa kamo shi a tsere ba, amma in dabba ta ɓace wa ido ta shige sarƙaƙiya nan ne aikin bigul yake farawa. Sai dai ka sani ƙanshi ya fi zama a ƙasa mai danshi da sanyi irin ta Ingila, busasshiyar ƙasa mai zafi da ƙura tana saurin kashe sawu, don haka wanda zai gwada farauta da shi a yankinmu da sassafe ko da damina zai fi ganin amfaninsa.

Me ya sa ake ganin sa a filayen jirgin sama?

Ma'aikatar noma ta Amurka ce ta fara wannan a 1984 a filin jirgin Los Angeles, suna amfani da shi wurin shinshina kayan matafiya don gano nama da 'ya'yan itace da tsirrai da aka hana shiga da su saboda cututtukan dabbobi da na amfanin gona. Sun zaɓe shi ne don ga hanci ga son abinci wanda ke sa horar da shi ya yi sauƙi, sannan ƙarami ne ba ya tsorata mutane a cikin cunkoso. In ya ji abu a jaka zama kawai yake yi a gefenta, a ba shi ɗan abin tauna. Ostareliya da Kanada da New Zealand ma sun yi amfani da shi. Saboda haka mai tafiya Amurka da kilishi a jaka ya san cewa duk yadda ya naɗe shi a leda wannan ɗan karen zai ji.

Zai yi min gadin gida?

Gaskiya a'a. Zai yi haushi in baƙo ya taɓa ƙofa, wannan kam zai sanar da kai, amma da baƙon ya shigo sai ya hau kaɗa masa wutsiya. Ba a gina shi don faɗa da mutum ba. In gadi kake nema nemi wani nau'in.

An ce hayaniya gare shi, haka ne?

Haka ne, kuma kar wani mai sayarwa ya ɓoye maka. Muryarsa kala uku ce, akwai haushi na yau da kullum, akwai wata doguwar murya mai kauri da yake saki in ya kama ƙanshi, sannan akwai kuka mai ja wanda yake yi in kaɗaici ya dame shi ko ya ji jiniya. Na ukun nan shi ke haɗa mutum da maƙwabta. Karen garke ne, in ka kulle shi shi kaɗai tun safe har dare zai yi ta kuka yana tona rami yana tauna duk abin da ya samu, ba mugunta ba ce, damuwa ce. In gidan haya kake mai mutane da yawa, ko kowa na gidan yana fita aiki ba mai zama, dan Allah ka haƙura da shi.

Yana jin magana kuwa? Na ji an ce taurin kai gare shi.

Ni ba na kiran sa taurin kai. Kare ne da aka koya wa kakanninsa cewa in sun kama sawu kar su saurari komai, toh in hancinsa na ƙasa kana ta kwaɗa masa kira ya ƙi juyowa, aikin da aka yi shi dominsa yake yi. Hanyar shawo kansa ita ce cikinsa. Ka riƙe 'yan ƙananan yankan nama ko busasshen kifi, ka kira sunansa, ya zo ka ba shi nan take, ka maimaita kullum na minti biyar zuwa goma, ka fara a cikin gida inda ba abin da zai ɗauke masa hankali kafin ka fita da shi waje. Duka ba ya gyara shi, tsoronka kawai zai sa masa ya ƙara guje maka. Koya masa inda zai yi fitsari da kashi ma yana ɗaukar lokaci fiye da wasu karnukan, sai ka yi haƙuri ka dinga fitar da shi bayan ya ci abinci da in ya tashi daga barci.

Abin da na fi so mutane su riƙe shi ne a ba hancin aiki. Ka ɓoye abinci a lunguna daban-daban na tsakar gida ka ce ya nemo, ko ka ja ɗan nama a ƙasa ka yi masa hanya mai lanƙwasa ka ɓoye a ƙarshe. In kun fita yawo kar ka yi ta fizgar igiya duk inda ya tsaya, bar shi ya shinshina. Bigul ɗin da ya yi aikin hanci ya gaji shi ne wanda zai kwanta lafiya ya bar maka takalmanka.

Zan iya sakin sa ba igiya?

A wurin da ba katanga, kar ka yi. Zai bi ƙanshi ya tsallaka titi bai ma san da mota ba, kuma yana iya yin nisan da ba zai gane hanyar dawowa ba. Katangar gida ma ka duba ta da kyau don gwanin tona ƙarƙashi ne, wasu har hawa suke. Yana buƙatar yawo na aƙalla awa ɗaya kullum.

Yaya yake da yara da sauran dabbobin gida?

Da yara lafiya lau, yana da haƙuri da son wasa, shi ya sa iyalai a Turai da Amurka suke son sa, amma kowane kare ne ba a barin sa da ƙaramin yaro ba babba a wurin, a kuma hana yara jan kunnensa ko taɓa shi yana cin abinci. Da sauran karnuka ma yana zaman lafiya. Inda matsalar take shi ne zomaye, in kana kiwon su ka san abincin farautarsa ka ajiye masa a gaba, kaji da 'yan tsaki ma sai an raba su. Kyanwa kuwa in sun tashi tare tun yana ɗan kwikwiyo sukan saba.

Me zan dinga ba shi, kuma me zan guje wa?

Matsalar bigul ba ƙin cin abinci ba ce, rashin sanin ƙoshi ne. Zai ci nasa ya buɗe kwandon shara ya ɗauke abin da aka bari a tabarma, shi ya sa ƙiba ta zama babbar cutarsa. Auna masa za ka yi, babba sau biyu a rana, ɗan kwikwiyo sau uku zuwa huɗu, kuma in ka shafa gefen ƙirjinsa ya kamata ka ji haƙarƙari ba sai ka danna ba. Abincin karnuka na buhu mai kyau ya wadatar, in na gida za ka haɗa ya zama akwai nama ko kifi ko ƙwai sosai, ba zallar tuwo da ragowar miya ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini kuma kusan duk miyarmu akwai albasa, cakulan guba ne gare shi, haka goro da kofi, inabi ɗanye ko busasshe yana iya kashe masa ƙoda, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol da ibuprofen kar ka ba shi da kanka. Maganin ɓera kuma a ajiye inda hancinsa ba zai kai ba, kuma hancinsa yana kai wa wurare da yawa.

Wane ciwo ya fi damun sa?

Kunne ne na farko. Tunda a rufe yake iska ba ta shiga, danshi na taruwa ya yi wari ya fara ƙaiƙayi, ka dinga ɗagawa kana dubawa duk sati, in ka ga yana yawan girgiza kai ko sosawa sai asibitin dabbobi. Akwai farfaɗiya a jinin wasu, akwai raunin wata gaɓa da ke wuya (thyroid) da ke sa su ƙiba da kasala da zubar gashi, akwai wani jan nama da ke fitowa a gefen ido, da ciwon baya na faifan ƙashin gadon baya wanda ƙiba ke ƙara tsanantawa. Yawanci ana iya shawo kansu in an je wa likita da wuri.

Rigakafi kuwa ba wasa. Allurar farko tana farawa yana sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai wajen sati 16, ita ke kare shi daga cutar fabo mai sa amai da gudawar jini wadda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Ta ciwon haukan kare ana yi yana wata 3 sannan a dinga sabuntawa yadda likita ya tsara, wannan kam kare rayuwar iyalinka ne ba ta karen kaɗai ba, don cutar in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. A Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu samar da wannan allurar. Sai maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, kaska musamman don tana sa musu zazzaɓi mai shanye jini, kuma kare mai cusa kai cikin ciyawa kullum yana kwaso ta.

Zai iya jure zafin ƙasarmu?

Gajeren gashinsa ya taimake shi, ya fi karnuka masu gashi buzu-buzu jurewa, amma asalinsa na ƙasar sanyi ne. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. A watannin bazara yawo sai da asuba ko bayan magariba, inuwa da ruwan sha su kasance kullum, kar a ɗaure shi a rana ko a bar shi cikin mota a rufe ko na ɗan lokaci ne. In ka ga haki ya yi yawa yawu na dalala yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa masa jiki da ruwa mai ɗan sanyi ka nemi likita da gaggawa.

A addinance fa, ya halatta in ajiye shi?

Ajiye kare don farauta ko gadin dabbobi ko gona malamai sun yarda da shi, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta yi magana kan cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo in an ambaci sunan Allah. Ajiye shi don sha'awa kawai shi ne aka yi gargaɗi a kansa a hadisi cewa yana rage lada. Batun yawunsa kuma akwai saɓani tsakanin mazhabobi, Malikiyya ba sa ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa duk da suna cewa a wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau bakwai. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa ainihin dalilinka. Abin da ba saɓani a kai shi ne in ka ajiye shi to cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka.

Da gaske ne ana gwajin magunguna a kansu?

Gaskiya ne kuma abin na taɓa min zuciya. Bigul shi ne karen da aka fi amfani da shi a ɗakunan gwaji, kuma dalilin shi ne sanyin halinsa da ƙanƙantarsa, ba ya saurin cizo ko ana cutar da shi. A 2022 an kwashe kusan 4,000 daga wani wurin kiwo a jihar Virginia ta Amurka bayan hukuma ta samu wurin da laifin rashin kula da su, aka rarraba su ga masu son riƙo.

In na yanke shawarar ɗauka, me zan duba?

Kar ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai sati 8 ba. Ka je da kanka ka ga uwar da inda suke kwana, ka ga katin rigakafi mai sa hannun likita, ka tambaya ko akwai farfaɗiya a danginsu. Ka duba ido ba kwantsa, kunne ba wari, ciki bai kumbura ba, yana wasa yana zuwa wurin mutane ba ya maƙalewa a lungu. Wanda ya ce maka yana da wani na musamman ɗan mitsitsi na sawa a aljihu yana neman kuɗi mai yawa ka yi hattara, manyan ƙungiyoyin karnuka ba su san da wannan a matsayin nau'i na daban ba, kuma irin waɗannan sukan zo da matsalar lafiya. Mai cewa ka turo kuɗi kafin ka ga kare shi ma ka rabu da shi. Kafin ranar ɗaukowa ka gyara katanga, ka tanadi igiya da wurin kwana mai inuwa, ka kuma san asibitin dabbobi mafi kusa da kai, ka kai shi a duba shi cikin satin farko.